Kwakwar Zangon Yashi Masu Sunayen Mutane

Kun tambaye ni abin da ya sa kowace bishiyar kwakwa a bakin tekun garinmu take da sunan mutum. To, ku matso ku ji, don nan Zangon Yashi a da ko inuwa babu, sai rairayi da iska.

Kakanninmu fataken goro ne daga Arewa. Da suka iso, sun tarar da masunta su ne masu gari. Masuntan suka ba su fili a kan yashi, su kuwa suka riƙe tudu, inda suke noman rogo. A yashin nan mutanenmu suka yi gidaje, a nan suke binne matattunsu.

Wata damina teku ya cika, ya soma cin gaɓa. Kullum aka wayi gari sai a ga ya matso, har ya kwashe kaburburan da suke gefe. Wanda yake biye da su na Madugu Cindo ne, mijin wata mai tuwo-tuwo da ake kira Tambai.

Liman ya ce tunda lalura ce, ya halatta a mayar da mamatan wani wuri. Sarkin Zango Jatau ya tafi wurin Agbeko, shugaban masunta, ya roƙi fili a tudu. Agbeko ya ƙi.

Ya ce, "Ku matafiya ne. Ranar da goro ya daina ciniki za ku ɗaure kaya, ku bar mana kaburbura a gonakinmu."

Jatau ya dawo a fusace, ya ce kowa ya shirya, a koma Arewa.

Tambai ta ji maganar tafiya. Da hantsi ta yafa mayafinta, ta sami Agbeko yana ɗinkin taru a gindin kwalekwalensa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mijina ya ratsa daji da koguna ruwa bai ci shi ba. Ba zan bari ya ci shi yana kwance ba. Me zai sa ka yarda ba za mu tafi ba?"

Agbeko ya ajiye tarun. Sai ya miƙa hannu cikin kwalekwalen ya ɗauko wata kwakwa da ta fara tsiro.

Ya ce, "Wannan tana shekaru kafin ta haihu, mai gaggawa ba ya shuka ta. Duk mamacin da kuka hau da shi tudu, ku shuka ɗaya a gurbin kabarinsa, ku yi renonta har ta yi 'ya'ya. In kun yarda, na ba ku fili."

Tambai ta karɓa da hannu biyu.

Da Jatau ya ji, ya aika aka kira ta. Ya ce, "Wa ya aike ki ki ɗaure mu a garin mutane?"

Ta ce, "Sarki, kai ba ka da kowa a yashin nan. Mu muna da su."

Masu mamata suka goyi bayanta, Jatau ya janye maganar komawa Arewa. Aka kwashe mamatan zuwa tudu, aka shuka kwakwa a gurabensu.

Ruwan gishiri ba ya renon tsiro ƙarami, don haka kullum Tambai takan ɗebo na rijiya a tulu. In an tambaye ta ina zuwa, sai ta ce, "Zan kai wa Cindo ruwa." Sauran mata suka ɗauka, wannan ta ce za ta duba Barmani, waccan ta ce Shekarau ya yi sabon ganye.

Bishiyoyin suka girma, saiwoyinsu suka kama yashi, teku ya rage ɓarna. Wata rana sai ga Agbeko da kansa, ya tsufa, riƙe da tsiron kwakwa.

Ya ce wa Tambai, "Ƙanena Kodzo ya fita kamun kifi bai dawo ba, ba shi da kabari. Ko akwai wuri a cikinku?"

Ta nuna masa gefen Cindo, ta ɗebo masa ruwa da tulunta.

Tun daga ranar abin ya zauna har zuwa yau: Bahaushe ko masunci, duk wanda ya rasu a garin nan sai an shuka masa kwakwa an kira ta da sunansa. Ni ma na zaɓi wurina, can bayan masallaci inda iska take da daɗi. Ku dai kada ku yi mini rowar ruwa.