Kurege da Kalwar Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu naka ne.

Mijin Bushiya ya rasu, aka binne shi a kan tudu, inda ko ciyawa ba ta yin inuwa. Kullum ta je, ta tarar rana tana dukan ƙasar, ta dawo ba ta iya cin abinci.

Sai ta ce za ta shuka masa ɗorawa. Ta samo kalwa daga fadama, manya, sumul-sumul. Ta samo wata daga jigawa, ƙanana, duk a yamushe. Ta kira Kurege, don shi ne gwanin tono.

"Ɗan nan, jera ta fadama gabas, ta jigawa yamma, mu ga wadda za ta rayu."

"An gama, Gwaggo. Je ki huta."

Kurege ya tona, ya duba ta jigawa, ya jefa rami. Ya tona, ya duba ta fadama, ya jefa kunci. Ya tona, ya jefa kunci, har kumatu suka yi tim. Ya kai ƙofar raminsa, nan gefen tudun, ya binne don gaba. Ya kuwa manta.

Ruwa ya sauka. Yamma ta tsiro, gabas shiru. Ƙofar Kurege kuwa kore shar, har ba ya ganin hanyar gida.

Bushiya ta zo ta tsaya. "Ɗan nan, yaushe ka fara noma?"

"Gwaji ne, Gwaggo! Ai ba a gwada baƙon iri a kan mamaci."

"To. Mu jira rani."

Rani ya zo. 'Yan fadama da suka fi kowa tsawo suka sunkuya, suka bushe ƙarau. 'Yan jigawa, gajeru, suka dafe ƙasa suka ƙi mutuwa.

Kurege ya buga ƙirji. "Kin gani? Da ban ɗauke su ba, da an yi asarar gabas!"

"Gabas ɗin me ya tsiro a cikinsa?"

Kurege ya sosa ƙeya.

Bushiya ta dubi ƙaramar inuwar da ta fara taɓa kabarin, kamar tafin hannu. Ta share ido, ta miƙa masa tulu.

"Tunda kai ne masani, ban ruwa naka ne har su girma."

Rijiya kuwa tana can fadama.

Kurunkus kan Kurege. Wanda zai saci iri, ya daure ya cinye kafin damina.