Sunan Tsuntsun Kurmin Goje

Na san za a ce tsufa ya fara taɓa ni, amma ɗigon jini guda, wanda bai kai ƙwayar gero ba, shi ya hana a sare kurmi sukutum.

Lantana mariniya ce, babbar 'yar marigayi Goje. Da hukuma ta ce za ta share kurmin mahaifinsu a shuka rake, sai fa in akwai wata halitta a ciki da babu ita ko'ina, barci ya ƙaurace mata. Sai ta tuna gashin wawan kurmi, tsuntsun nan mai jan fiffike, da ya taɓa faɗawa cikin ruwan tokarta. Gashin na ko'ina jan launi yake zubarwa a ruwan toka, na kurminsu kuwa launin ruwan goro ya zubar. Ba don idonta ba, da ba wanda ya waiwayi tsuntsun.

Ƙaninta Barau ya gaji harbi, amma ya jingine bindiga. Ya yi ta kwaikwayon kukan tsuntsun har muryarsa ta dishe, ya kama shi da raga, ko gashi ɗaya bai karye ba. Ba don shi ba, da babu jinin.

Autarsu, Dakta Uwani, ta ɗebi ɗigon jinin, ta kai ɗakin bincike, ta karanta jerin ƙwayoyin halittarsa daga farko har ƙarshe, wato rubutun gadon da ke cikin jini. Ta nuna cewa irinsa daban ne. Ba don ita ba, da maganar Lantana ta tsaya a bakin marina.

Kurmi ya tsira. Sai masana suka ce sabon tsuntsu sunan mutum ɗaya zai ɗauka har abada.

“Yaya, ke gashi kawai kika tsinta,” in ji Barau.

“Kai kuma kuka ka yi, kamar yadda ka saba tun kana goye,” in ji Lantana. Uwani ta yi dariya, amma ba ta ce ta janye ba.

Duk mai shakka sai ya je wurin Sarkin Dawa Malam Bawa. Da hannunsa aka saki tsuntsun, kuma bai taɓa jin na yi ƙari a magana ba.

To jama'a, sunan wa ya kamata tsuntsun nan ya ɗauka?