Ƙubbar Sarki Zubairu

An yi wani sarki a ƙasar Marmaro, a zamanin da ya shuɗe, ana ce da shi Zubairu, wanda ya hau gadon mulki da ƙuruciyarsa da zafin zuciyarsa, ya tarar talakawa sun saba da zalunci har sun daina kiransa zalunci. A al'adar ƙasar, duk basaraken da ke son gini ko noma sai ya aika dogarai ƙauye su tattaro maza, su yi masa aiki ba lada ba godiya, ko da nasu gonakin na jiransu. Zubairu ya haramta wannan aikin tilas, ya buɗe ƙofar fada ga kowane mai ƙara, ya tuɓe hakiman da suka yi ƙiba da gumin talaka. Sai dai gaggawa ta yi masa yawa, ya haɗa na banza da na kirki ya share, kuma cikin waɗanda ya tuɓe bisa tsegumi, ba tare da ya saurare su ba, har da Alƙali Ɗayyabu, mutumin da bai taɓa karɓar cin hanci daga kowa ba. Ba a daɗe ba aka sa wa Sarki guba a fura, har yau kuwa ba a ce ga wanda ya sa ba.

Ƙanensa Nuhu ya gaje shi, mutum mai taushin hali, wanda baƙin cikin rashin wansa ya rufe wa ido. Manyan fada, waɗanda da ƙyar suka ɓoye fara'arsu ran jana'iza, su ne suka zama kan gaba wajen yabon marigayi, don yabon mamaci ba ya rage wa kowa komai. Babbansu, Galadima Tukur, ya ba da shawara a gina ƙubba a kan kabarin, wadda matafiyi zai hango tun daga nesa, ya kuma ɗauki nauyin aikin. Aka gina, damina ta kayar da ita. Aka sake ginawa, ta sake zubewa. Galadima ya ce makirci ne na ma'aikata, ya sa aka kama dattawan ƙauyen da suka kwaɓa ƙasar, ya nemi a fille musu kai. Sarki Nuhu ya ce ba zai zubar da jini ba sai alƙali ya bincika. Galadima da kansa ya ambaci Ɗayyabu, don a lissafinsa wanda Zubairu ya wulaƙanta ba zai taɓa tsaya wa dokokin Zubairu ba.

Lissafin nan ba na wawa ba ne. Ɗayyabu ya tsufa a bayan gari cikin ƙunci, abokai sun janye jiki, matarsa ta rasu mutane na nuna gidansu da baki. Duk da haka ya amsa kira. Ya je kangon ƙubbar, ya ɗauki tubali ya murje shi ya zama gari a hannunsa, sannan ya wuce kurkuku wurin babban dattawan, wani tsoho mai tari da ake kira Arzika.

Arzika ya ce, “Allah gafarta Malam, ba zan yi maka ƙarya ba. Ƙasar nan ba mu tattake ta yadda ya kamata ba, ba mu bar ta ta tsumu ba. Da igiya aka ɗebo mu, ran da aka yi ruwan shuka. Ƙafar mutum tana cikin kwaɓi, zuciyarsa tana can gonarsa da ciyawa ke cinyewa, yaya aikinsa zai yi kyau? Mu kuwa, wallahi, mun fi kowa kukan mutuwar Sarki Zubairu.”

Ɗayyabu ya fito yana auna al'amarin. Ga laifi an amsa da baki, hukunci ya zo da sauƙi, Galadima zai gode masa. Kuɓutar da dattawan kuwa ba ta yiwuwa sai ya tsaya gaban jama'a ya ɗaukaka dokar mutumin da ya tozarta shi, ya kuma ja da Galadima, wanda ake raɗe-raɗin ya san hanyar da guba ke bi ta shiga fura. Ya ji tsoro, ya kuma ji haushi.

Ran da fada ta cika, Sarki ya ce, “Malam, wa ya rushe ginin kabarin ɗan'uwana?”

Ɗayyabu ya ce, “Allah ya ja zamanin Sarki. Dattawan nan sun amsa cewa sun yi ha'inci a aiki, ban kuwa zo in wanke su ba. Amma kafin a tambayi yadda ginin ya faɗi, ya kamata a tambayi yadda ya tashi. An ɗaure manoma da igiya a farkon damina, aka tilasta su gina ƙubbar girmama sarkin da ya haramta ɗaure manoma da igiya. Abin da Zubairu ya bari a duniya doka ce, ita aka fara rushewa tun ba a aza tubalin farko ba. Idan Sarki na neman wanda ya ci mutuncin kabarin, to ya nemi wanda ya aika dogarai.”

Galadima ya murmusa ya ce, “Ranka ya daɗe, ashe Malam ya manta wanda ya tuɓe masa rawani.”

Ɗayyabu ya ce, “Ban manta ba, Galadima. Ya zalunce ni, kuma ni da shi za mu tsaya gaban Allah a kan haka. Amma zaluncin da ya yi mini nawa ne ni kaɗai, adalcin da ya yi kuwa na mutanen nan ne, ba ni da ikon in sayar da shi don in huce.”

Sarki Nuhu ya sunkuyar da kai, hawaye na sauka a gemunsa, don ya gane da sunansa aka yi duk abin da aka yi. Ya tuɓe Galadima bayan ya saurari hanzarinsa, ya sa aka yi shela cewa dokar Zubairu tana nan daram, ya mayar da Ɗayyabu kan shimfiɗar shari'a, ya yafa masa alkyabbarsa. Ya ce a kwashe kangon, a bar kabarin tudun ƙasa kamar na kowane musulmi.

Da Ɗayyabu ya je da kansa a buɗe kurkuku, sai ya tarar tarin nan ya riga shi, an lulluɓe Arzika da tabarma. Sauran suka koma gida, suka iske ciyawa ta fi gero tsawo, kuma a shekarar nan ƙauyen ya binne yara da yawa saboda yunwa. Ɗayyabu ya yi sauran kwanakinsa yana shari'a, alkyabbar tana ninke a adaka, bai taɓa sa ta ba.

Shugaba mai gyara, ba a kabarinsa ake girmama shi ba, a wuyan talakan da ya kwance wa igiya ake girmama shi; adalcin da ya makara kuma, ko ya ceci doka, ba ya ta da wanda ya mutu yana jiransa.