Ƙwallon da Mantau Baduku Ya Ce Ba Ta Shiga Ba

An yi wani mutum a wani ƙaramin gari, wani bawan Allah baduku, ana ce masa Mantau. Shi ya kafa kulob ɗin ƙwallon garin, shi ya ɗinka musu ƙwallon farko da hannunsa. Shekara goma sha tara suna bugawa, ba su taɓa ɗaukar kofi ba.

To, ku saurara. Wata shekara Allah ya kai su wasan ƙarshe, a filinsu kuma. Ana kunnen doki, saura ƙiris a tashi, sai Ilu, ɗan Mantau na cikinsa, ya narka ƙwallo, sai ga ta a raga. Alƙalin wasa ya hura usur, fili ya ruɗe da murna.

Mantau kuwa yana tsaye bayan turken raga, ya ga ƙwallon ta wuce ta waje, ta kutsa ta inda gefen raga ya yage. Ɗansa ne fa, jama'a. Shekara goma sha tara ce fa. Amma ya ratsa taron nan har gaban alƙali, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ta shiga ba. Zo ka ga inda ta bi."

Alƙali ya duba, ya soke cin. Baƙi suka ɗauke kofi a bugun fenariti.

Gari ya juya wa Mantau baya. Aka cire shi daga kulob, aka daina kai masa ɗinki. Sai bayan wata biyu Ilu ya zo rumfarsa, ya durƙusa, ya ce, "Baba, da ka yi shiru, wa zai sani?"

Mantau ya ce, "Allah ya sani. Kai ma ai ka gan ta."

Ilu ya sunkuyar da kai, don lalle ya gani. Shi ya tara 'yan wasa ya faɗa musu gaskiya, suka zo suka ba tsoho haƙuri. Daga nan garuruwan kewaye suka riƙa kawo wasanninsu masu zafi filin nan, don sun san ba a cuta a wurin. Kulob-kulob da yawa rigima ta watsa su, wannan ya ɗore. Mantau dai har ya rasu bai riƙe kofi ba.

'Yan'uwa, faɗin gaskiya a kan bare ba wuya. Mai gaskiya shi ne wanda ya faɗe ta ranar da za ta ci gidansa. Gobe in ɗanka ne ya tauye mudu a kasuwa, kai kaɗai ka gani, kada ka yi shiru. Allah ya ba mu ikon faɗa.