Mutumin da Ake Kira Ba-Yau-Ba

Akwai wani tela, jama'a, da shagonsa ke manne da na wani mai gyaran agogo. Benci ɗaya suke zama tun gashinsu na baƙi, a kansa kuma suka yi furfura.

Tare suka sayi hannun jarin wani kamfanin sabulu. Tela kuwa akwai gajen haƙuri. Farashi na ɗan sauka zai tsayar da keken ɗinki ya leƙo. "Mu sayar kafin mu tashi a tutar babu."

Mai agogo ko ɗago kai ba ya yi. Gilashi maƙale a ido ɗaya, sai ya ce, "Ba yau ba." In farashin ya hau ma amsar ke nan. Har sunan ya bi shi, duk layin Ba-Yau-Ba ake ce masa.

Tela kan tsokane shi, "Kai ko mutuwa ce ta zo, haka za ka ce mata."

Shi kuma ya yi dariya. "Ai ita ba ta neman shawara."

Ta zo ɗin kuwa, ba ta nemi shawara ba. Allah Ya jiƙansa.

Ba a daɗe ba hannun jarin ya faɗi warwas. Matar marigayi ta zo shago riƙe da hannun autarsu.

"Malam, ka san abin da ya bar mana ke nan don karatun Auta. 'Yan'uwana sun ce in sayar tun da sauran abin ɗauka. Me ka gani?"

Tela ya ajiye almakashi. Shi kansa da niyyar sayar da nasa ya tashi. In ya ce ta jira, kamfanin kuma ya zo ya rushe, ya kashe karatun marainiya da bakinsa.

Ya dubi gefen bencin da babu kowa, kewa ta kama shi. Sai ya tuna kullum da safe abokinsa kan tsallaka wurin mai kanti ya tambaya, "Sabulun nan yana tafiya?" Da can ya ɗauka surutu ne kawai.

Ya tashi ya tsallaka, ya yi tambayar.

"Ko jiya sai da ya ƙare," in ji mai kanti.

Tela ya dawo. "Maman Auta, ba yau ba. Nawa ma ba zan taɓa ba. In asara ce, mu yi ta tare."

An sha wuya fa. Dangi suka yi ta cewa tela ya kai su ya baro, har wasu suka daina amsa gaisuwarsa. Shi dai kullum da safe yana wurin mai kanti. A hankali kamfanin ya farfaɗo, farashi ya wuce inda yake da.

Wata rana Auta ta shigo, ta zama budurwa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba Tela, na samu gurbin karatun likita. Mama ta ce in tambaye ka, har yanzu ba yau ba?"

Ya cire tabarau ya share ido.

"Je ki ce mata yau ne, 'yata. Ranar da babanki yake jira ke nan."

Darasi: Haƙuri da jari ba rufe ido ba ne. Ka riƙa duba lafiyar abin da ka saya, ka san kuma ranar da kake jira. Ku tura wa abokinku mai gajen haƙuri, ku yi wa abokanmu da suka rigaye mu addu'a.