Sallama a Ƙofar Kafinta

Akwai wani direban motar haya da yake da yaya guda ɗaya tak, kafinta. Kafintan ne ya raine shi bayan rasuwar iyayensu, shi ya tsaya masa har ya yi aure. Mutum ne mai faɗan tsiya, amma in ya yi dariya sai an ji a layi na uku.

Sai ciwo ya zo. Kafinta ya daina barci, ya fara magana shi kaɗai, wata rana ya shiga kasuwa ba takalmi mutane suna nuna shi. Kunya ta kama direba. Ya kwashe tarkacen ɗakin baya, ya sa yayansa ciki, ya sayo kwaɗo. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Ai Yaya ya yi tafiya."

Shekara biyu ana haka. Kafinta ya daina magana gaba ɗaya.

Kada ku ce direba ba ya son ɗan'uwansa. Wallahi kewarsa ta hana shi sakat. Yana tuƙi, in ya ji ƙarar zarto a bakin titi sai ya rage gudu, fasinjoji su yi ta tsaki. Ba abin da yake so a duniya kamar ya sake jin muryar yayansa, ko da zagi ne.

To, akwai wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ake kira Sista Mai Naci. Da ta yi ritaya, maimakon ta zauna ta yi ta wasa da jikoki, sai ta buɗe gida inda masu taɓin hankali ke ganin likita, su sha magani, su koma sana'arsu a hankali. Ofis-ofis take bi, tana faɗa wa duk mai kunne cewa majinyaci magani yake buƙata, ba sarƙa ba. Matar direba ce ta kai mata labari a ɓoye, don ita ma abin ya daɗe yana cin ta.

Ranar da Sista ta zo, direba ya tare ƙofa yana hura hanci.

"Hajiya, babu mahaukaci a gidan nan."

"Ni ma ba shi na zo nema ba, ɗana," in ji ta. "Kafinta nake nema. Bencinan wurina duk sun karye."

Rabon da direba ya ji an kira yayansa kafinta har ya manta. Ya kai ta ɗakin baya, ya ciro makulli zai buɗe. Ta ce ya cire kwaɗon kawai, kada ya tura ƙofar. Sannan ta ƙwanƙwasa sau uku, ta yi sallama, ta tsaya.

Shiru.

"Ki shiga mana," direba ya ce. "Ai ba ya amsawa."

"Ɗakinsa ne. Da yana lafiya, ka taɓa faɗa masa ɗaki ba sallama?"

"Wa, ni? Ai da na sha mari."

"To me ya canza?"

Shekara biyu direba yana tura ƙofar nan da ƙafa, ya ajiye kwano ya juya, bai taɓa yin sallama ba ko sau ɗaya.

Sista ta tafi, ta dawo ranar Talata. Ta sake dawowa Juma'a. Ta ƙwanƙwasa, ta yi sallama, ta ba ƙofa labarin bencinanta, ta koma. Har maƙwabta suka fara cewa matar nan ita ma a duba ta. Zuwa tara ba amsa. A na goma, wata murya a dishe ta fito daga ciki.

"Wace ce?"

Direba ya matso kusa da ƙofar. Amma ba da shi ake ba. Da Sista kaɗai kafinta ya yi magana, kuma sai da ta tambaye shi ya yarda sannan ta tafi da shi.

Ba wani abin al'ajabi aka yi ba. Likita ne, da magani, da barci, da ranaku masu kyau da marasa kyau. Bayan wata huɗu kafinta ya koma riƙe guduma. Yana hira da mai gadi, yana tsokanar mai girki. Ƙaninsa ne kawai in ya zo sai ya juya masa baya.

Direba ya kai ƙara wurin Sista kamar zai yi kuka.

"Shekara biyu ka rufe shi, kana so a wata huɗu ya buɗe maka?" ta ce. "Ci gaba da zuwa."

Ya ci gaba. Kullum da la'asar sai ya faka mota, ya tsaya a bakin rumfar aiki yana kallon bayan yayansa. Wata rana kafinta yana fama da wani dogon katako da ya ƙi tsayuwa. Bai ɗago kai ba ya ce:

"Kai, ka tsaya min kamar gunki. Zo riƙe min nan."

Direba ya riƙe, hawaye na ɗiga kan katakon.

"Ka karkata. Har yanzu ba ka iya komai ba."

Bai taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba. Ya ce, "Yaya, yaushe za ka dawo gida?"

Kafinta ya buga ƙusa ɗaya, ya buga ta biyu.

"Riƙe dai tukuna."

Darasi: Ciwon ƙwaƙwalwa ba ya cire wa mutum darajarsa, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A kai majinyaci asibiti, a nemi izininsa, a yi masa sallama kamar kowa. Allah ya ƙaro mana irin su Sista Mai Naci. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai gidan da ke da ƙofar da ake jira a ƙwanƙwasa.