Tabon Zobe a Rufin Fijo

Akwai wani matashi a unguwar Kwarbai, cikin birnin Zariya, mai suna Abdulwahab. Bai daɗe da gama hidimar ƙasa ba, kansa cike da dabaru.

Wata biyar ke nan da rasuwar mahaifinsa, wanda ya bar wata tsohuwar Fijo shuɗiya a ƙofar gida. Mahaifiyarsa, Hajiya Rakiya, ta fita takaba, amma har yanzu ba wanda ya ga murmushinta. Shi kuwa ba abin da yake so a duniya irin ya ga ta yi.

Ya lura kullum da safe takan fito ta dafa rufin motar, ta ɗan shafa shi, ta koma ciki. Sai ya ce a ransa, "Koɗewar fentin nan ce ke damun Umma."

Ya tafi Wusasa wurin Dogara mai fentin mota, tsohon abokin babansa, ya nemi aron injin goge fenti.

Dogara ya dube shi. "Ka taɓa riƙe shi kuwa?"

"Haba Kawu, bidiyon da na kalla ya fi ashirin."

"To, injiniya. Wannan inji ba wanki yake yi ba, fatar fenti yake ci. Abin da ya cinye ba ya dawowa. Ka sanar da Hajiya tukuna."

"Ai so nake ta gani kwatsam."

Ranar Asabar Hajiya ta tafi suna a unguwar Limancin Kona. Ya wanke motar, ya jawo waya daga zaure, ya ɗiga man goge fenti a kan soson injin. Yana kunnawa injin ya fizge, ya fesa masa mai har gira. Amma kafin azahar hannunsa ya faɗa. Shuɗin da ya dushe ya dawo yana ɗaukar ido.

Saura wuri ɗaya: a kan rufi, daidai saman ƙofar direba, wani tabo mai faɗin tafin hannu, cike da ƙananan ƙarce-ƙarce.

Ƙanwarsa Munira ta fito da ruwa, ta ga inda ya nufa. "Yaya, don Allah bar nan, wurin nan..."

"Malama, ke kika yi karatun ko ni?"

Ya kunna injin, ƙararsa ta haɗiye sauran maganarta. Cikin minti biyar tabon ya ɓace.

Da la'asar Hajiya ta dawo. Yana tsaye da tsumma a hannu yana murmushi, yana jiran ta yaba. Ba ta kalli ƙofofin ba. Ta kai hannu kan rufin, ta shafa. Ta matsa gaba, ta sake shafawa. Santsi ko'ina.

A hankali ta ce, "Babanku bai taɓa danna mini hon ba. Cewa yake ba a kiran matar gida da hon. In na daɗe a zaure ina gyara mayafi, sai ya zuro hannu ta taga, ya ƙwanƙwasa nan da zobensa na azurfa. Shekara ashirin da bakwai."

Tsumman da ke hannun Abdulwahab ya faɗi. "Umma, wallahi ban..."

"Na sani. Ta yi kyau. Allah ya yi maka albarka."

Ta shige gida. Da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Washegari da safe ya zauna a dakali yana jira. Motar na ta sheƙi, masu wucewa na cewa ma sha Allah. Hajiya ba ta fito ba.

Darasi: Niyya mai kyau ba ta ɗauke maka tambaya. Abin da kake gani tabo ne, wataƙila shi kaɗai ya rage wa wani daga wanda ya rasa. Kafin ka gyara abin mutum, ka tambaye shi, kuma ka bar ƙaninka ya ƙarasa maganarsa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman mu matasa masu gaggawar gyara.